Kotun Da Ta Ba Ni Gawar Yayana

Na ga abubuwa da yawa tun da na zo New York, wasu sun shuɗe har sai an tuna mini, amma akwai mako guda da ko tsufa ya cinye mini tunani ba na jin zai iya cinye shi. Shi ne makon da yayana ya rasu aka ce za a ƙone gawarsa, na shiga gari ina neman alƙalin da zai hana.

Mu 'yan Zangon Kumasi ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne babba ni ce auta. Ya riga ni zuwa Amurka da shekaru masu yawa, shi ne ma ya jawo ni. Ya yi tuƙin tasi har bayansa ya ƙi, daga baya ya buɗe ɗan shago a unguwar Mount Hope da ke Bronx yana sayar da kayan abinci irin na gida, garin rogo da manja da busasshen kifi da daddawa. Ni kuwa aikin kula da tsofaffi nake yi a gidajensu. Sai dai ba da shago aka san yayana ba, da wankan gawa aka san shi. Duk namijin da ya rasu cikin mutanenmu a Bronx, ɗan Ghana ne ko ɗan Nijar ko ɗan Najeriya, har 'yan Gini da 'yan Gambiya, lambarsa ake fara kira. Zai ja ƙofar shago ko da mai saye a tsaye, ya ɗauki 'yar jakarsa mai sabulu da turare da safar hannu, ya tafi. Bai taɓa karɓar ko ruwan sha a kan wannan aiki ba.

A farkon zuwansa ya auri wata Ba'amurkiya, suka haifi 'ya mace. Auren bai yi ƙarko ba. Uwar ta ɗauki yarinyar suka koma jihar Ohio wajen danginta, can ta tashi, ba Hausa ba salla. Tana ƙarama ta zo mana hutu, na yi mata kitso, ta ci tuwo tana yamutsa fuska, daga nan sai gaisuwar waya jifa-jifa. Zan faɗi gaskiya ko da yayana ne, bai yi ƙoƙarin da ya kamata ba a kan yarinyar nan. Kunya ce, ko fushi da uwar ne ya shafe ta, Allah ne ya sani.

Ranar wata Litinin da hantsi ya faɗi a cikin shago. Kafin la'asar rai ya yi halinsa. Ni ina unguwar Soundview wajen wata tsohuwa da ba ta iya tashi da kanta, ba halin in bar ta sai wadda za ta canje ni ta iso. Ko da na isa asibitin, sun riga sun kira 'yarsa, domin sunanta ne a rajistarsu. Wata ma'aikaciya ta yi mini bayani a hankali cewa a dokar jihar nan 'ya tana gaba da ƙanwa wajen ikon gawa. Ban ga abin damuwa ba. Na kira yarinyar, lokacin ta zama cikakkiyar mace har da ɗanta, muka yi kuka tare a waya, ta ce tana tahowa.

Washegari gidana ya cika da masu gaisuwa. An yanka likkafani, liman ya yi magana da maƙabartar Musulmi da muke kai mamatanmu a New Jersey, mata suna ta ɗora tukwane. Sai mazan da suka je ɗauko gawa suka dawo daga asibiti hannu rabbana. Suka ce gawa ba ta nan, wani gidan shirya jana'iza ya zo ya ɗauka da izinin 'yarsa. Na shiga ɗaki na kira ta. Ta yi magana a sanyaye, ba faɗa ba tsawa. Ta ce, "Anti, na yanke shawara ƙone shi za a yi. Haka aka yi wa mamata, tokarta tana ɗakina. Ina so in ajiye su wuri ɗaya. An sa ranar Juma'a da safe."

Mutumin da ya wanke gawar jama'a da hannunsa, ya naɗe su, ya shiga kabari ya kwantar da su suna fuskantar alƙibla, shi ne za a zura a tanderu a miƙo shi a gwangwani? Na roƙe ta da duk Turancin da na iya. Liman ya karɓi wayar ya roƙe ta. Dattawa suka yi ta kira ɗaya bayan ɗaya, wani da lallashi wani da zafi, har ta daina ɗauka. Yanzu da nake tunawa, na san taron dangin da muka yi mata a waya shi ya ƙara ƙeƙasar mata da zuciya, amma a lokacin wa yake da wannan natsuwar?

Yayana yana da amini, wani Alhaji ɗan Maradi mai sayar da huluna da gyale da kayan waya a titin Fordham. Mutum ne mai son sauraron labarai, kullum rediyo a kunne, duk wata maganar doka in ta taso a masallaci shi ake juyawa a kalla. Ya miƙe a tsakiyar falona, yana tsarma Faransanci kamar yadda ya saba, ya ce, "Hajiya, share hawayenki. Bon, wannan magana ta fedaral ce, ta gwamnatin tarayya. Na farko, addini ne, kuma 'yancin addini yana cikin tsarin mulkin ƙasa. Na biyu, ita tana wata jiha mu muna wata, to wa zai raba mu in ba gwamnatin tarayya ba? Kotun jiha ai ƙaramar kotu ce, ta masu tikitin mota da rigimar haya. Mu tafi wajen uban, mu ƙyale ɗan."

Kowa ya gyaɗa kai, har da ni. Ina da dalilina ma na kaina. A babbar kotun tarayya da ke ƙasan Manhattan aka rantsar da ni na zama 'yar ƙasa. Na tuna alƙalin da ya tsaya a gabanmu ranar, ya ce daga yau wannan gida namu ne. To in gidana ne, ina zan kai kukana in ba can ba?

Laraba da sassafe muka hau jirgin ƙasa mai lamba huɗu, ni da Alhaji. Na sa baƙar abaya, shi ya sa babbar riga kamar mai zuwa Idi. A ƙofa masu gadi suka karɓe mana wayoyi, muka bi ta na'ura, aka nuna mana tagar da marasa lauya suke kai ƙara. Na gaya wa ma'aikacin abin da ya kawo mu. Ya yi mana ta'aziyya, sannan ya ce shi aikinsa karɓar takarda ne, ba a yarda ya ba da shawara ba, in na rubuta zai karɓa. Sai ya dube ni ya ce, amma da shi ne da lokaci ya ƙure wa haka, da sai ya fara leƙa ɗakin da lauyoyi suke ba da shawara kyauta, yana cikin ginin. Allah ya saka wa bawan Allah nan.

Lauyar da muka samu mace ce mai furfura, da tabarau rataye a wuya. Ta saurare ni har na gama, ba ta katse ni ba. Alhaji ya kawo hujjojinsa guda biyu, ina fassara mata inda Turancinsa ya gaza ya koma Faransanci. Da ya gama sai ta ce, "Zan gaya muku abin da ba za ku so ji ba, amma gara ku ji yanzu. Kun zo inda ba nan ba ne. In kun shigar da ƙarar a nan, abin da alƙali zai fara tambaya shi ne ko yana da ikon sauraronta, kuma ina da yaƙinin zai ce ba shi da shi. Kafin ya faɗa, Juma'a ta wuce."

Alhaji ya zaburo. "Madam, ba nan ce babba ba?"

Ta ce ba maganar babba da ƙarama ba ce, kuma kotun tarayya ba uwar ɗakin kotun jiha ba ce. Kowacce da abin da aka damƙa mata. Kotun tarayya, in ji ta, ba ta sauraron komai sai abin da tsarin mulki da dokokin majalisar ƙasa suka ba ta, kamar shari'ar da ta taso daga dokar tarayya, ko wadda gwamnatin tarayya take ciki, ko karayar arziki. Sauran abin da ya shafi rayuwar mutum ta yau da kullum, aure da saki da riƙon 'ya'ya da gado da haya da yawancin laifuffuka, har da wanda zai binne mamaci, duk an bar wa jihohi.

Na ce, "To addinin fa? An ce mana tsarin mulki ya kare shi."

Ta ce, "Ya kare shi daga gwamnati. Da hukuma ce ta ce dole a ƙone yayanki, da yanzu ni da kaina zan taya ki rubuta ƙara a nan. Amma 'yarsa ba gwamnati ba ce. Rigima ce tsakanin 'ya da gwaggonta." Game da zaman jiha daban kuwa, ta ce Alhaji ya ji wani abu mai kama da gaskiya, ana kawo irin wannan ƙara nan, amma sai in dukiya mai yawa ake jayayya a kai. Gawa kuwa ba dukiya ba ce da za a yi mata ƙima.

Na ce, "Shi ke nan, babu mai ceton mu?"

"Akwai. Dokar jihar New York ta yi magana a kan wannan sak. Gaskiya ne 'ya tana gabanki, amma dokar ta ce wanda aka ba ikon gawa ya bi abin da mamacin yake so da abin da ya yi imani da shi, kuma in an sami saɓani kotu ce za ta raba. Yanzun nan za ki tashi ki tafi Supreme Court."

Ni dai abin da na sani, Supreme Court ita ce kotun ƙoli, wadda muke gani a talabijin a Washington da manyan ginshiƙai. Na dubi Alhaji, ya dube ni. Na fashe da kuka na ce, ta yaya zan isa Washington in dawo kafin Juma'a, kuma wa zai saurari mai goge wa tsofaffi jiki a can? Matar ta kama hannuna, ta ɗan yi murmushi. Ta ce ba ni ce ta farko da sunan nan ya ruɗa ba. A jihar New York, kotun da ake kira Supreme Court ita ce ta matakin farko, inda ake fara kai ƙara, kuma kowace gunduma tana da tata. Kotun da ta fi kowacce a jihar sunanta daban, tana birnin Albany. Ta tambaye ni inda nake zaune. Na ce Mount Hope. Ta ce, "Kin san ƙaton ginin nan na dutse a kan titin Grand Concourse, kusa da filin wasa?"

Na san shi mana. Kusan kullum bas ɗina yana wucewa ta gabansa in zan tafi aiki. Na sha cin burodi ina kallonsa ta taga, ban taɓa tambayar me ake yi a ciki ba. Mun tsallake shi da safe a jirgi, muka yi tafiya mai nisa neman abin da yake bakin unguwarmu.

Ta gaya mini sunan abin da zan nema, wato umarnin gaggawa da zai dakatar da komai har a saurari ɓangare biyu, ta sa na maimaita har ya zauna a bakina. Muka karɓi wayoyinmu muka ruga. Da muka kusa sauka daga jirgi sai Alhaji ya juyo gare ni. Ya ce, "Hajiya, na ɓata miki safiya." Na ce, "Alhaji, da ba ka ja ni can ba, da ina gida ina kuka. Tashi mu je."

Kotun Bronx ba ta da shirun waccan. Cike take da mutane irinmu, masu turin keken jarirai, masu rigar aiki, tsofaffi da sanda, ana ta Sifaniyanci ta ko'ina. Akwai ofishin taimaka wa marasa lauya, suka nuna mini abin da zan cike, na zauna a benci na rubuta labarin yayana da hannuna, rubutuna duk a karkace. Na rantse a kai, aka hau da shi sama. Muka zauna jira a baranda, ina ta jan carbi, duk ƙofar da ta motsa sai in ɗaga kai. Dab da tashi daga aiki wani jami'i ya leƙo ya kira sunana. Alƙali ya sa hannu. Ba za a taɓa gawar ba, kuma ni da 'yar mu bayyana gabansa ranar Juma'a da safe.

Doka ba ta yarda mai ƙara ya kai sammaci da kansa ba, don haka Alhaji ya karɓa. Ban taɓa ganin dattijo ya sauka matakala da irin wannan sauri ba, babbar riga tana tashi a bayansa. Ya kai wa gidan jana'izar, ya kai wa yarinyar a masaukinta. Ya ce mini mai gidan jana'izar ya karanta ya ajiye, ya ce shi dama bai san akwai wasu dangi ba, kuma ba zai motsa ba sai abin da kotu ta ce.

Saura shaidu. Yayana bai bar wasiyya a rubuce ba, kamar yawancinmu. Abin da muke da shi bakin mutane ne, kuma nan wata matsalar ta ɓullo, domin da yawa cikin waɗanda suka fi saninsa takardun zamansu a ƙasar ba su cika ba, jin kalmar kotu kawai yana tsorata su. Na tsaya a ƙofar masallaci bayan azahar ranar Alhamis, abin da ban taɓa yi ba, na gaya musu abin da na koya jiya-jiyan nan. Na ce maganar takardun zama ta tarayya ce, wannan alƙali na jiha ne, gawa aka kai gabansa kuma a kanta zai yi tambaya. Na ce ban isa in yi wa kowa alkawarin abin da zai same shi a hanya ba, wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya zauna gida ya yi mana addu'a, ba zan riƙe shi ba. Na koma gida ban san mutum nawa za su zo ba.

Da na shiga ɗakin shari'a ranar Juma'a na tarar da jama'a. Bencina sun cika maƙil, wasu suna tsaye a baranda. Masu tasi sun ajiye mota, masu tebur sun naɗe kaya, ga 'yan Kumasi ga 'yan Damagaram ga Kanawa, da huluna kala-kala. A ɗaya gefen kuwa 'yar yayana ce zaune ita kaɗai, da baƙar riga, ta rungume jakarta a ƙirji. Goshinsa ne sak a fuskarta. Ganinta ita ɗaya a gaban wannan taro ya sa murnata ta ragu.

Alƙalin dattijo ne baƙar fata mai magana a hankali. Ya fara da ni, na faɗi abin da na sani. Sannan ya ba 'yar yayana dama. Ta miƙe, ta juya ta dubi mutanen, ta ce, "Ku duka kun same shi. Ni ban same shi ba. Ya bar shago ya je ya wanke mutanen da bai sani ba, amma ranar da na gama makaranta kujerarsa babu kowa. Ranar aurena ma haka. Yanzu abu ɗaya nake nema, ya zauna a gidana ko da toka ne, shi ma kun taru za ku ƙwace." Ba ta yi ƙarya ba. Na sunkuyar da kai hawaye na zuba.

Alƙalin ya bar ta ta natsu. Ya ce ya ji ta, kuma ba ya raina abin da ta faɗa. Amma tambayar da doka ta ɗora masa ba wa ya fi son mamacin ba ce, ba kuma wa aka zalunta ba. Tambayar ita ce, shi mamacin me yake so a yi da jikinsa?

Aka kira Alhaji. Kotu ta kawo tafinta, wani ɗan Najeriya, sai ga Hausa tana tashi a ɗakin shari'ar Amurka ana rubutawa. Alhaji ya ajiye duk iya maganarsa ta masallaci, ya yi bayani tiryan-tiryan. Ya ba da labarin wani baƙo ɗan Mali da ya rasu ba dangi, gawarsa ta daɗe a ma'ajiya, yayana ya yi ta sintiri ofis-ofis har aka ba shi ya binne. Ya ce a hanyar dawowa daga wannan jana'izar yayana ya ce masa, "Alhaji, ni dai in tawa ta zo, kada ku bar ni in kwana. Ku wanke ni yadda na koya muku, ku sa ni a ƙasa kusa da 'yan'uwana." Ya ce ba sau ɗaya ya faɗa ba, duk wanda ya taɓa raka shi maƙabarta ya ji wannan magana.

Alƙali ya tambaye shi, mutum nawa yake jin mamacin ya wanke? Alhaji ya ce shi bai iya ƙirgawa ba. Sai ya juya ya ce da Hausa, "Jama'a, wanda bawan Allah nan ya wanke masa uba ko ɗa ko ɗan'uwa, alƙali yana tambaya." Ba wanda ya shirya abin da ya biyo baya. Wani tsoho ya miƙe a baya, wani ya bi shi, sai benci bayan benci, har kusan babu wanda ya rage a zaune. Ƙarar katako da shessheƙa suka cika ɗakin. Jami'in kotu ya taso zai ce a zauna, alƙalin ya ɗaga masa hannu. Ya daɗe yana kallonsu. Yarinyar ma ta juya tana kallo, ta sa hannu ta rufe bakinta.

Alƙalin bai ɗaga shari'ar zuwa wata rana ba, a nan take ya yanke. Ya ce 'ya ita ce kan gaba a doka, amma ikon da aka ba ta na cika burin mahaifinta ne, kuma shaida ta nuna burinsa ba tare da shakka ba. Ya ba da umarni a miƙa mini gawar a binne shi bisa addininsa. Ya ƙara da cewa a sanar da 'yarsa lokaci da wuri, kuma kada wani ya hana ta kusantar mahaifinta.

Muna fita baranda Alhaji ya ɗaga hannu sama ya yi kabbara, jama'a suka amsa gaba ɗaya har ginin ya ɗauka. Jami'ai suka zo suna cewa a yi shiru, su ma suna murmushi. Maza suna rungumar juna, mata suna riƙe ni, wata tana share mini fuska da gyalenta. Ni da ban taɓa tsayawa gaban alƙali ba sai ranar rantsuwa, ni ce na kai ƙara da rubutun hannuna na kuma yi nasara. Wani daɗi ya cika mini ƙirji irin wanda ban zaci mai makoki zai iya ji ba.

Na zame daga cikinsu na koma ɗakin. 'Yar yayana tana nan zaune inda take. Na zauna kusa da ita na ce, "'Yata, abin da kika faɗa gaskiya ne. Ya yi miki laifi, mu ma mun yi miki, da muka bar ki can ba mu neme ki ba. Zo ki ga babanki." Da na miƙe ta biyo ni.

Waɗanda yayana ya koya wa aikin su suka wanke shi, Alhaji a gaba. Da aka gama naɗe shi na sa aka fita aka bar mu mu biyu, na buɗe mata fuskarsa. Ta daɗe tana yi masa magana ƙasa-ƙasa, na ja baya don kada in ji. Sallar jana'izarsa masallaci bai ɗauke ta ba, sahu ya fito har bakin titi. A maƙabarta ta tsaya tare da mu mata daga gefe, na yafa mata gyalena, tana kallo aka saka shi a ƙasa. Da za mu tafi ta tambaye ni lambar layin da kabarin yake, ta ce tana so ta kawo ɗanta. Ta kuwa kawo shi, kuma tun daga shekarar ba ta cika barin babbar salla ta wuce ba ta zo mana ba.

Abin da wannan mako ya koya mini shi ne, a ƙasar nan in matsala ta same ka, kada ka fara da tambayar wace kotu ce ta fi girma. Ka tambaya, wannan magana hannun wa aka damƙa ta? Akwai abin da alƙalin tarayya, duk girman kujerarsa, ba shi da ikon taɓawa, alƙalin unguwarku kuwa ya gama shi da sa hannu ɗaya, akwai kuma wanda sai na tarayyar. Rashin sanin wannan kaɗai ya kusa sa a ƙone mini ɗan'uwa. Shi ya sa duk wanda ya zo mini da kuka yanzu nake ce masa ya je ya tambayi masana tun da sauran lokaci, ya rubuta yadda yake so a binne shi tun yana da lafiya, kuma ya nemi 'ya'yansa duk inda suke. Alƙali ya iya ba ni gawar yayana, amma shekarun da yarinyar nan ta yi ba uba, babu kotun da ke da ikon mayar mata da su, ta jiha ko ta tarayya.